Ja-da-Yalo

Shagona taku huɗu ne, a wani lungu a Fagge:
kanta guda, firji guda, da fankar da ke tari.
Shekara goma sha ɗaya ina ɓalle kafso daga kati
kamar mai ɓare gyaɗa,
na ɗari biyu, na ɗari uku,
iya kuɗinka, iya shagalinka.

Tanimu mahauci ya zo ran wata Laraba
daga kwata, da tsumma a yatsa.
Tsinin ƙashi ne, in ji shi, bai taka kara ya karya ba.
A ba shi ja-da-yalo guda huɗu.
Na ce na kwana biyar ake sha.
Ya yi dariya, ya zazzage aljihu a kan kanta:
ɓarin goro, tsinken sakace, naira ɗari biyu.
Na ba shi huɗun.
Ya haɗiye biyu, ya fasa ɗaya ya barbaɗa,
ɗayan ya soke a hula saboda gaba.

Kwana biyu zogi ya kwanta, ya ce an gama.
Ashe ragwayen kawai muka kashe.
Masu taurin kan sun laɓe a ƙasan fata,
sun ɗanɗani gubar, sun gane takunta,
tsakanin azahar da la'asar sun ga jikokin jikokinsu.

Jikinsa bai yi barci ba, ni shaida ne.
Kaluluwa ta fito a hammata kamar ƙwallon goruba,
hannu ya suntuma, ya ɗau zafi kamar tandar waina,
zazzaɓi ya hura wuta ko baƙin za su gudu.
Mugunyar da na toshe hanci dominta,
daga baya aka ce min
gawar masu gadin gida ce
da suka faɗi a bakin ƙofa.

Na canja masa kati. Na sake canjawa.
Na yi masa allura biyar a bayan labule.
Ciwo ya haura wuyan hannu bai ko waiwayo ba.

A asibiti, wata mai farar riga, Uwani,
ta ɗaga min ɗan faranti saitin taga.
Ta shuka abin da ta lakato daga yatsan,
ta jera magunguna a kai kamar maɓallai.
Ta ce, in magani na ci, za ka ga fili kewaye da shi.
Na duba.
Ciyawa ta cinye gonar har gindin kowane maɓalli,
sai guda ɗaya tal, can gefe, mai ɗan da'ira.
Sauran duk na san su.
Suna kan kantata, na biyu daga sama.

Kuɗin guda ɗayan ya ci babur ɗin ɗansa.
Hannu ya tsira, yatsu biyu ba su dawo gida ba.
Yanzu yaransa ke fiɗa, shi yana ƙirga canji da hagu.
In ya wuce yana ɗaga min ukun da suka rage,
har da tambayar iyali.
Da ma zagina yake yi.

Ɗazu bayan isha wata ta zo da goyo,
kunnen yaron na ruwa, ɗari uku a bakin mayafi.
Na ce a fara kai shi a duba.
Ta ce da wane kuɗin?
Na ce to, na kwana bakwai ne, ba ragi,
ko ya tashi yana ƙwallo a layi sai ya shanye.
Ta yi min kallon mai neman ciniki.
Na jawo littafin bashi, na ce faɗi sunanki.

Ba ta faɗa ba.
Ta gyara goyo, ta dubi tsallaken kwalbati,
inda fitilar shagon Gambo ke ci har yanzu.